Hawan Dutsen Shaho

Ruwan farko da ya sauka a Cadakori bai ko jiƙa ƙasa da kyau ba, amma ya isa ya tada hankalin gidan Jaye. Washegari da sassafe matarsa Safina ta leƙa ɗakin surukarta da kwanon kunu, ta tarar da tsohuwa zaune tsakiyar ɗaki ta fito da ƙorenta duka, tana jera ƙarama cikin babba tana ɗaurewa da igiyar kaba.

"Inna, ina zuwa haka?"

"Arewa," in ji Inna Asiya, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Inna Asiya Bafulatanar daji ce, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa yin damina cikin gari ba. Ciwon gwiwa ne ya kawo ta gidan ɗanta da rani, lokotoro ya duba ya ce gwiwoyin sun gama aikinsu, abin da ya rage sai lallaɓawa. Ta sha magani, ta sha allura, ta zauna shiru kamar ta yarda. Ashe ruwa take jira. Da zarar manoma sun yi shuka, dole shanu su bar musu ƙasa su bi burtali su yi arewa sai bayan girbi, kuma ƙanenta Buba, wanda garken ke hannunsa, ya riga ya aiko cewa tashi ya kusa.

Jaye ya san hanyar nan, ya bi ta yana yaro kafin ya zo gari ya kama kabu-kabu da babur. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, cikin rana da sauro, babu asibiti babu mai allura. Ya tabbata a ransa in uwarsa ta bi shanun nan, labarinta kawai zai dawo. Ya je ya sami Kawu Buba a ruga, shi kuwa ya watsa hannu ya ce, "Ni in hana Adda? Ita ta goye ni fa. Kai da ta haifa ka hana ta mana."

To nan ne gizo yake saƙar. Jaye ɗan fari ne, kuma Inna Asiya irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son abu sai ta dubi Safina ta ce, "A gaya wa mai babur sabulu ya ƙare," shi kuwa yana tsaye a gabanta, inuwarsa ma a kan ƙafarta. Wadda ba ta ce maka sannu, ta ina za ka fara yi mata gardama?

Safina ce ta kawo dabara. Ita Bakatsiniya ce, kakanninta daga ƙetaren iyaka suka zo da fatauci, bakinta kuwa ba ya hutawa sai in tana barci. Ta ce masa, "Kai ba ka gane ba. Marmarin daji ne ke cinta. Mutum ya yi wata da watanni bai ga komi ba sai katanga da akuyar maƙwabta! Mu riƙa fita da ita tana shan iska, mu dawo da yamma. In idonta ya ƙoshi, zuciyarta ta kwanta."

Jaye ya ga maganar ta yi ma'ana. Allah sarki, bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Ranar da ba kasuwa, ya cika tanki da esansi suka hau su uku, shi a gaba, Safina a tsakiya, Inna a baya da gorar fura a cinya. Suka bar jar hanya suka shiga yashi, suka gangara cikin gulbi. Wuri ya yi kyau ranar, ba ƙarya. Goriba tsaye reshe bibbiyu har iyakar gani, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshin ruwa, sabuwar ciyawa ta ɓullo siririya kamar gashin jariri. Shamuwa sun dawo suna ta kai da kawo a kan kuka. Gawo kuwa, da halinsa na saɓa wa kowa, lokacin da itatuwa ke sa ganye shi yake zubar da nasa.

Jaye ya kashe babur ƙarƙashin wata goriba, ya ce wa matarsa da ƙarfi yadda za a ji, "Ki ce wa Inna ta dubi kyan wurin nan."

"Inna, wai ki dubi kyan wuri."

Inna Asiya ba ta dubi goriba ba, ba ta dubi shamuwa ba. Ta durƙusa da kyar ta tsinki ciyawa ta murza a yatsa, ta sunsuna, ta sa a baki ta tauna.

"A gaya masa an gode," ta ce. "Da ina shakka ko ciyawa ta fito. Yanzu na gani da idona, tafiya ta kama."

Safina ta tuntsire da dariya har fura ta sarƙe ta. Jaye bai ga abin dariya ba.

Bai daddara ba. Bayan an sake yin ruwa, sai ya kai su wani tafki ta wajen Sae Sabuwa, inda ruwan ya kwanta fari fat tsakanin tuddai, balbelu sun yi layi a baki, kwaɗi na ta kururuwa da rana tsaka. Safina ta tsoma ƙafa tana ihu wai sanyi. Inna kuwa ta zauna ƙarƙashin kalgo tana ba ta labarin wurin, da Hausarta mai mai da namiji mace. Nan ne jar saniyarta Woɗe ta taɓa maƙalewa cikin laka aka kwana ana ja. Can ga tudun ne kura ta ɗauke musu maraƙi. Ita duk ƙasar nan ba ta san ta da sunan gari ko na hakimi ba, sai da abin da ya sami shanu a wurin. Tana magana fuskarta na haske, kamar an cire mata shekara ashirin. Jaye yana gefe yana gyaran abin da bai lalace ba a jikin babur, yana jin daɗi yana jin tsoro a lokaci guda. A hanyar dawowa kuma babur ya yi tangal-tangal cikin yashi, salansa ta lashi ƙaurin Safina, ta yi mata tabo mai faɗin tafin hannu.

Daren nan Kawu Buba ya shigo gari ya ce jibi in Allah ya kai rai za su ɗaga. Sai Jaye ya fito fili ya faɗa wa bangon ɗaki cewa lokotoro ya ce ƙafar nan ba ta tafiya.

Inna Asiya ta dubi Safina. "Lokotoron nan ya taɓa bin saniya? A tambaye shi." Ta gyara zama. "Akwai dutsen da ke bakin burtali, Dutsen Shaho. Na hau shi da ƙwarya a ka da goyo a baya. A kai ni gobe. In na hau da ƙafata, kada in ƙara jin bakin kowa. In na kasa, na kwance kayana."

Buba ya ce wannan adalci ne. Jaye ma ya yarda da sauri, don a ransa cewa yake tsohuwar da ke dafa bango kafin ta miƙe ina ita ina dutse.

Sai da gari ya waye suka ga matsalar. Ƙafar Safina ta kumbura ta yi ruwa, ko takalmi ba ta iya sawa, balle ta hau babur. Ke nan uwa da ɗan fari ne za su yi wuni guda a daji ba mai kai magana tsakaninsu. Safina tana kwance a tabarma tana dariya tana cewa, "Ku tafi da akuya mana, ta riƙa yi muku tafinta."

Inna ta hau can ƙarshen kujera, ta dasa gorar fura tsakaninta da bayansa, ta kama ƙarfen baya da hannu biyu. Suka yi nisa a haka. Da Jaye ya ɗan ƙara wuta a wani miƙaƙƙen wuri, sai ya ji ta buga gefen babur ɗin da sandarta.

"Kai babur, sese, a hankali! Ba gudun kura muke ba."

Jaye ya rage gudu, ya ce, "Babur ya ji."

Shi ke nan, an sami tafinta. Babur ya sha faɗa ranar. An gaya masa ya bi hagu, an gaya masa ya kauce wa shukar mutane kada ya jawo musu zagi, an gaya masa mai shi bai karya da safe ba, ya tsaya a sha fura. Suka bi burtali, wannan doguwar hanyar shanu da aka bari tsakanin gonaki, gefe da gefe manoma sun duƙa da iyalansu suna shuka, maza na sara mata na jefa iri suna rufewa da diddige. Sannu a hankali gonakin suka ragu, yashi ya koma tsakuwa, sabara da geza suka karɓe wuri. Sai ga dutsen ya taso a gabansu.

Na san in mutumin Agadas ya ga abin da muke kira dutse a ƙasarmu sai ya riƙe ciki don dariya. To ya yi ta yi. Mu da ƙasarmu take shimfiɗe kamar faifai, wannan ma ya ishe mu ɗaga kai. Jan dutse ne na marmara, kansa a baje, jikinsa duk zaizayar ruwa, da 'yar hanyar awaki da ta nannaɗe shi har sama. Shaho biyu na shawagi a kansa, ko motsa fiffike ba sa yi.

Inna Asiya ta sauka, ta tuɓe takalmanta ta rataye a wuya, ta ɗaure zane tamau, ta yi bisimilla.

Jaye ya bi ta a baya yana jiran inda za ta tsaya. Ga wani dutse mai faɗi can, ya ce a ransa, nan za ta zauna ta ce a koma. Ta wuce shi. Ga inda hanya ta tsuke, tsakuwa na zamewa, ya ce to nan kam. Ta kafa sanda, ta dafa da hannu, ta ja jiki ta haye. Yana jin ƙarar gwiwoyinta ƙas-ƙas, yana ganin zufa na bin wuyanta, amma ko nishi ba ta bari ya fito ba. In ya matso zai tallafa, sai ta ce wa sandarta, "A ba ni wuri." Wallahi tsohuwar nan ta hau dutsen nan har ƙoli, da ƙafarta, rana na tsaka.

A sama iska ce ta tarbe su, mai sanyi, mai ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Jaye ya juya ya duba, sai da ya ce, "Kai!" Ya yi shekaru yana zaga ƙasar nan da fasinja, bai taɓa ganinta gaba ɗaya haka ba. Ga gulbi can kudu ya ja kore layi na goriba yana lanƙwasa. Ga gonaki ja da fari, mutane a ciki ƙanana kamar tururuwa. Tafkuna na walƙiya nan da can. Rufin kwanon wani ƙauye na ɗaukar ido. Ga burtalin da suka biyo ya zagaye gindin dutsen ya miƙe arewa, ya yi ta tafiya har ya shige cikin shuɗin sama. Can gabas kuwa hadari ya fara haɗa baƙi.

Inna ta tsaya da sanda tana kallon arewa, haɓa a sama. Ta ci gardama, ta kuma san ta ci. Jaye ya zauna a kan dutse. Shi da kansa ya kawo ta, da esansinsa, ya yarda da sharaɗi gaban kawunsa. Gobe war haka tana kan hanyar can, kuma ba shi da bakin magana.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna wani fili a gindin dutsen ta yamma, inda wata tsohuwar aduwa take tsaye ita kaɗai. Babur yana ƙasa, don haka wani ɗan kalgo da ya tsiro a tsagin dutse ta yi wa maganar.

"Kai kalgo, ba ka tsiro ba lokacin. Can aka kafa ruga wata damina. Wata yarinya ta haihu a wurin, haihuwar fari, ruwa na zuba bukka na yoyo. In mutane na nan ko kallon abin ba ta yi, kada a ce ba ta da kunya. Sai ta ce za ta itace, ta goyo shi ta hawo nan inda ba kowa, ta kwance shi ta yi ta kallo har ta ƙoshi. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauka. Haka ake yi."

Jaye bai taɓa jin wannan ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa.

Iska ta ƙara ƙarfi, ta fara ɗaga ƙura a ƙasa. Inna ta ce wa sanda, "Mu sauka." Ta juya ta nufi bakin hanya, ta sa ƙafar dama a gangare, ta ɗora nauyinta a kai. Gwiwar ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Ba ta faɗi ba, ta dai zauna daɓas a kan dutse. Ta miƙe ta gwada da hagu, ita ma haka. Ashe hawa ba shi ne wuyar ba. Duk mai ciwon gwiwa ya san gangara ce ke tona asiri, ita ma ta sani, ta dai yi zaton za ta fi ƙarfinta.

Sai ta gyara zane ta zauna sosai, ta ɗora hannu a haɓa tana kallon gulbi, wai ita kallon ƙasa take. Matar da ba ta taɓa kallon wuri don kyansa ba! Jaye ya juya mata baya, shi ma ya shiga kallon shaho, don ya san in ta gane ya gani, abin zai fi ciwon ƙafar zafi. Suka zauna haka, kowa na kallon gabansa, hadari na matsowa. Aka yi tsawa can nesa. Shahon ma suka bar sama.

Da ya ga ɗigon farko ya faɗo a kan dutse, ya tashi ya zo gabanta, ya ba ta baya ya tsuguna. Bai dube ta ba. Ya ce, "Dutse, a gaya mata ruwa ya iso."

Yana jin numfashinta a bayansa. Har ya fara tunanin za ta gwammace ruwa ya cinye ta a nan, sai ya ji sanda ta faɗi, hannuwa biyu masu kaushi sun zagayo wuyansa.

Ya miƙe da ita. Abin da ya fara ba shi tsoro rashin nauyinta ne, buhun gero rabi ya fi ta. Ya bi hanyar awakin a karkace, yana gwada kowane dutse da ƙafa kafin ya taka, iska na kaɗa rigarsa, ita kuma ta kwantar da kai a kafaɗarsa, tana warin man shanu da hayaƙi. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ɗumin jikinta ba sai yau. A haka suka kai rabin gangara.

Nan ta yi magana, a hankali, daidai kunnensa.

"Ka kira Buba a salularka. Ka ce su tafi."

Ya kusa zamewa. Ya waiga ko akwai kalgo, ko sanda, ko wani abin da take gaya wa. Babu. Da shi take.

"Ka ce ya kula da Woɗe, ta tsufa, kada su kore ta da sauri. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

Abin da ya yi wata yana nema ke nan ya samu, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Ji ya yi kamar shi ya karya mata ƙafar.

A gindin dutse ya sauke ta ƙarƙashin wani ɗan kogo inda ruwa ba ya kai, ya fito da salula, ya ɗaga ta sama yana neman layi har ya samu. Muryar Kawu Buba ta fito da ƙarfi, da kukan shanu a bayanta.

"Yaya? Ta hau?"

Jaye ya saci kallon uwarsa. Tana zaune ta miƙe ƙafafu, idonta a ƙasa, tana jiran ya faɗa.

"Ta hau, Kawu. Har ƙoli, da ƙafarta, ko hannu ba ta bari na ba ta ba."

"Ai na gaya maka! Adda ce fa. To ta shirya, da asuba za mu biyo."

"Ku tafi kawai. Ni ne na yi ta roƙonta a kan dutsen, na ce ba zan iya daminar nan ba ta kusa. Ta ji tausayina ta haƙura."

Buba ya yi salati, sannan ya buɗe masa wuta. Ya ce gari ya lalata shi, ƙato da gemu yana kukan uwa kamar maraƙi, ya hana mace da ƙafarta lafiya lau bin dukiyarta. Ya ce sai rugage duka sun ji wannan abin kunya. Jaye ya tsaya cikin yayyafi yana cewa, "Haka ne, Kawu. Na yi laifi, Kawu," har tsohon ya gaji ya kashe.

Ya sa salula a aljihu. Inna Asiya tana goge fuska da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa, alhali ruwan bai shiga kogon ba. Sannan ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, ta miƙo masa hannu.

"Tashe ni," ta ce. "Mu je gida."